Kwana shida ana cin talotalo a gidana, maigida ya ce ya gaji

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni New York, unguwar Bronx, shekara huɗu ke nan. Bana ne karon farko da muka ce mu ma bari mu tara 'yan'uwa a hutun nan na Ranar Godiya, wadda Amurkawa ke kira Thanksgiving, tunda ita ce ranar da kowa ke gida. Maigida ya sayo talotalo yankan Musulmi mai nauyin fam 20, da kuɗi masu kauri. Tun daren Laraba na shafe shi da kayan ƙamshi, na gasa shi ya yi kyau har ana ɗaukarsa hoto. Mu 11 ne har da yara, amma baƙin duk dafa-duka da masa suka fi ci, ko rabinsa ba a taɓa ba. Washegari na sa cinya ɗaya da fukafukai da ƙashin a firiza, ƙirjin kuma na bar shi a firij, kullum in yanka in ɗumama. Juma'a da shinkafa, Asabar da burodi, Lahadi da taliya, haka dai. Jiya Talata da dare maigida ya buɗe kwano, sai ya ce a gaban yara, "Wai talotalon nan ba ya ƙarewa ne?" Yara suka fashe da dariya, shi kuma ya tashi ya haɗa shayi. Wallahi sai da na yi kuka a kicin. Mu a gidanmu naman layya yana kai mu wata biyu, ban taɓa jin mahaifinmu ya ce ya gaji ba. Da gaske ana gajiya da nama, ko dai rashin godiya ne da raina girkina? Kuma yaya zan yi da sauran? Ina tsoron Allah ya kama ni da almubazzaranci.

Uwar 'ya'ya uku, Bronx

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Za mu zo kan kukan, amma bari in fara da abin da ba ya jira: ƙirjin nan da ke firij, kada ki ƙara ba kowa shi, ke ma kada ki ci. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ita ke sa ido kan lafiyar nama da kaji a ƙasar da kike zaune, ta ce dafaffen nama kwana uku zuwa huɗu yake yi a firij, shi ma sai in sanyin firij ɗin bai haura digiri 40 a ma'aunin Farenhait ba, wato digiri 4 a namu ma'aunin. Tun 1941 doka ta kafe wannan biki a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, saboda haka lissafin ba ya sauyawa ko wace shekara: abin da aka gasa ran Alhamis, Litinin ce ranarsa ta ƙarshe. Ke kuwa ga shi kin rubuto ran Laraba. Kada ki ce za ki sansana ki ji ko ya yi wari. Ƙwayoyin da ke sa nama ya yi tsami daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum, kuma na biyun ba su cika sauya ƙamshi ko launi ba.

Na san abin da zuciyarki ke faɗa miki yanzu, domin ni ma tarbiyyar da aka yi mini ke nan: ko ƙwayar hatsi ce ta faɗi ƙasa sai an tsince ta. To amma zubar da abin da zai iya cutar da 'ya'yanki ba almubazzaranci ba ne, kare amana ce. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Clostridium perfringens, wadda ta fi son irin wannan babban nama da ake dafawa a dunƙule. Tana shiga wani ɓawo da wuta ba ta kashe shi, ta yi lamo har a gama gashi, sai nama ya fara hucewa a hankali ta farka ta hayayyafa. Bayan awa 6 zuwa 24 da ci, sai murɗawar ciki da gudawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lura cewa a watannin Nuwamba da Disamba aka fi samun ɓarkewarta, daidai lokacin da ake gasa manyan talotalo ana barinsu a tebur ana hira. Don haka ki tuna baya ki gaya wa kanki gaskiya: ran Alhamis ɗin, awa nawa naman ya yi a tebur kafin ya shiga firij? Ƙa'ida ita ce kada ya wuce awa biyu. In an gama ci da la'asar bai shiga sanyi ba sai da baƙi suka watse can dare, to har wanda ke firiza ma ki haƙura da shi, domin ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, sa ta barci kawai take yi, kuma akwai masu barin guba a jikin nama wadda ɗumamawa ba ta rusa ta. In kuwa kin kwashe shi da wuri, na firizan lafiyarsa ƙalau, kuma da shi za mu yi aiki.

Yanzu tambayarki. E, ana gajiya da nama, ƙwarai kuwa. Bahaushe ma yana da kalmarsa: ya ce abu ya ginshe shi. Ba a faɗar haka a kan abinci marar daɗi, a kan mai daɗin ake faɗa, mai maiƙo, wanda aka fara ci da marmari. Wata masaniyar abinci, Barbara Rolls, ta gwada wannan a jami'ar Oxford, ta buga sakamakon a 1981: in mutum ya ci abu guda ya ƙoshi, daɗin wannan abin kaɗai ke raguwa a bakinsa, sauran abincin da bai taɓa ba suna nan da daɗinsu. Shi ya sa za ki ga yaro ya ture shinkafa ya ce ciki ya cika, a kawo kankana kuma ya sami wurin sa ta. Halitta ce Allah ya yi mu da ita, kuma tana da amfani, don ita ke tura mu cin abubuwa daban-daban jiki ya sami abin da yake buƙata. Za ki ce ai tuwo kullum muke ci ba mu gaji ba. Gaskiya ne, amma tuwo ba shi da baki, miya ke magana a madadinsa, ita kuwa yau kuka ce, gobe kuɓewa, jibi taushe. Ke abin da kika yi shi ne kika juya lamarin: kika riƙa sauya tuwon, shinkafa, burodi, taliya, mai maganar kuwa yana nan shi ɗaya kwana shida.

Ban da haka, naman da kika sa a kwano ran Talata ba shi ne wanda kika fitar daga obin ran Alhamis ba. Wannan ina so ki fahimce shi sosai, domin shi zai cire miki zargin hannunki. Idan aka dafa nama, zafin wuta yana sakin sinadarin ƙarfe da ke cikin tsoka. Da naman ya huce ya kwana, wannan ƙarfen sai ya haɗa kai da iska su fara ɓata ɗan man da ke cikin tsokar. Abin da ke fitowa shi ne ƙarnin nan da kike ji da kin buɗe na'urar ɗumama abinci, wani irin bashi-bashi kamar jiƙaƙƙen kwali. Yana farawa tun a kwana ɗaya ko biyu, yana ƙaruwa kullum, kuma kowace ɗumamawa tana tayar da shi. Man jikin tsuntsaye ya fi saurin lalacewa ta wannan hanya, talotalo ne kan gaba, har ya fi kaza. Na saniya da na rago kuwa sun fi jurewa. Ga shi kuma ƙirji kika bari a firij, farar tsoka marar kitse, wadda ko ran farko sai an yi da gaske ba ta bushe ba. Kowane yanka da kika yi kin ƙara buɗe wa iska ƙofa. Ko wace gwanar girki ce ta gasa shi, ran Talata haka zai koma. Hancin maigidanki bai yi ƙarya ba, kuma ina kyautata zaton ke ma kin ji ƙarnin, tsoron asara ne ya sa kika danne.

Sai maganar naman layya, wadda ita ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Ki rufe ido ki koma tsakar gidanku ranar Babbar Sallah, ki duba abin da mahaifiyarku take yi. Ni dai ga abin da na gani a namu gidan. Ranar yanka, hanta da ƙoda da sauran kayan ciki ake fara ci. Tun rago bai gama tsanewa ba an fara ƙirga gidaje: cinyar wane, haƙarƙarin wance, yara na ta fita da kwanuka rufe da faifai, har abin da zai rage a gida bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Washegari a hura itace, a ɗora babban kasko, a narka kitse, a soya naman gunduwa-gunduwa da gishiri da citta da kanumfari, ana juyawa da doguwar muciya har ya daina kumfa, alamar ruwan jikinsa ya ƙone. Kai da ƙafa a babbake su a yi farfesu. Wani kason a dafa shi ya yi ligif, a daka a turmi a yi dambu. Soyayyen kuma a zuba a kwalla, a kwarara masa mansa a kai ya daskare ya rufe shi, a tura ƙarƙashin gado. Daga nan fa sai dai a buɗe a ɗauko tsoka biyu a jefa a miya, ko a ba baƙo uku a ɗan faranti da yaji a gefe, ko a lallashi yaron da ya sha allura da guda ɗaya.

Kin ga ashe mahaifinku bai taɓa cin abu ɗaya kwana shida a jere ba. Rago ɗaya ya zama abinci iri biyar ko shida a hannun mahaifiyarku cikin kwana biyu, mafi yawansa ya tafi gidajen mutane, ragowar kuma aka mai da shi abin marmari da ake gani jefi-jefi. Kuma dalilin da ya sa ya yi wata biyu ba firij shi ne an ƙone ruwansa, an sa masa gishiri, mai ya toshe wa iska hanya. Gasasshen talotalo kuwa da danshinsa yake, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan garkuwa. Ilimin da kike buƙata kin taho da shi daga Katsina, tsuntsun ne baƙo, sai kika yi masa irin yadda kika ga masu ƙasar na yi a hoto.

Su kansu masu ƙasar ba haka suke cinye shi ba. A jihar Louisiana, washegarin biki ƙashin talotalon ake tafasawa a yi gumbo, wata miya mai kauri da ake ci da shinkafa, wasu har da kuɓewa suke yin ta. A Ingila, inda talotalo abincin Kirsimeti ne, an saba mai da ragowarsa miyar kori daga 26 ga Disamba. Mutanen da suka gaji abin kaka da kakanni ma sai sun sauya masa kama yake shiga.

To ga yadda za ki yi da na firiza. Da farko ki ƙyale shi ya huta, mako biyu ko uku, har gidan ya manta da sunansa. Ba abin da zai same shi. Dafaffen talotalo yana yin wata biyu zuwa shida a firiza bai rasa daɗinsa ba, in dai an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga. Ranar da za ki yi amfani da shi, ki sauko da shi cikin firij tun daren jiya ya narke a can, kada ki bar shi a kan kanta. Ƙashin da fukafukan ki zuba a babbar tukunya da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kimba, attaruhu da daddawa, ki rage wuta ya yi ta ɓararraka kamar awa biyu. Romon da zai fito shi ne mafi daraja a jikin tsuntsun nan gaba ɗaya. Rabi ki yi farfesu a sha da burodi a wannan sanyin na Disamba, rabi ki kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa da shi. Daddawa da citta da yaji suna rufe ƙarnin, romon kuma yana lulluɓe tsokar ya raba ta da iska.

Cinyar kuwa dambu za ki yi da ita. Ki zare ƙashi da jijiyoyin nan masu tauri kamar tsinke da ke cikin ƙafar talotalo, ki ɗan sake tafasa tsokar da ruwa kaɗan da albasa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, ki daka ta ko ki murje da muciya a cikin tukunyar in ba ki da turmi. Sai ki zuba mai kaɗan a kasko, wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi wara-wara ya koma ruwan zuma, ki barbaɗa yaji. Ki ajiye kaɗan a firij, sauran a firiza, domin gidajen can da ɗumin na'urar ɗumama ɗaki ba irin ɗakin mahaifiyarki ba ne. Duk abin da za ki ɗumama, ki ɗebi iya wanda za a ci, ki tabbata ya yi zafi har ciki, digiri 165 a Farenhait, wato 74 a namu ma'aunin. Kuma in kin yi farfesun, ki tuna wasiyyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abu Zarri: in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Bronx cike take da samarinmu marasa iyali, masu tuƙin tasi da ɗalibai, waɗanda rabonsu da farfesun gida an daɗe. Ki ba maigida kula guda ya kai musu masallaci.

Saura shi maigidan. Gajiyar da ya yi ba laifi ba ce. An taɓa kawo wa Annabi naman damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya ja ya ci, Annabi yana kallonsa. Ashe rai ya ƙi halal ba butulci ba ne. Amma kuma Abu Huraira ya ba da labarin cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. A nan ne maigidanki ya yi kuskure, kuma ba zan rage masa ba. Matar da ta kwana tsaye ta ciyar da mutum 11 a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa da za ta kama mata, ba a gaban 'ya'yanta ake yi mata wannan magana ba. Dariyar yaran ce ta fi yi miki ciwo, na sani, kuma shi ya buɗe musu ƙofa.

Sai dai ina roƙonki kada ki ɗora wa maganarsa kayan da ba ta ɗauko ba. Bai ce girkinki ba daɗi ba. Ya ci Alhamis, ya ci Juma'a, ya ci har Litinin bai ce uffan ba, mai yiwuwa yana ta jira ne ki gane da kanki, ke kuma kina ta jira ya yaba miki tattali. Kowa ya yi shiru har abin ya fashe a inda bai kamata ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki bari yara su yi barci, ki kai masa shayin da kanki, ki ce: "Abban yara, na gane naman nan ya ginshe ka, ni ma ya ishe ni, tsoron asarar kuɗinka ne ya sa nake ta kawowa. Amma maganar da ka yi a gabansu ta sosa mini rai. In wani abu ya ishe ka, ka gaya mini mu biyu." Iya nan. Kada ki haɗa da laifin bara, kada ki kawo mahaifinku misali, don ba namijin da ke son a auna shi da surukinsa. Yawancin maza in aka zo musu ta nan, kunya ce ke kama su. In ya ba da haƙuri ki karɓa, ki kuma roƙe shi ya nuna wa yaran da bakinsa cewa ba a yi wa abincin uwa dariya; daga gare shi za ta fi shiga.

Baɗi in Allah ya kai mu, ku yi shawarar sayen tare. Lissafin da Amurkawa ke yi na fam ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane mutum, na teburin da talotalo ne sarkinsa ne. A naki teburin dafa-duka da masa ne sarakai, shi ɗan rakiya ne, don haka mai fam 10 ko 12 ya ishe ku har da saura. Kina ma iya sa mahaucin ya sassara miki shi, ki gasa rabi, rabin ki ajiye ɗanye a firiza, domin ɗanye ba ya yin ƙarnin da dafaffe ke yi. Ki tanadi robobi masu murfi tun kafin ranar, kowane baƙo ya tashi tafiya a miƙa masa nasa, kamar dai kwanukan nan masu faifai. Abin da ya rage kuma kada ya shiga firij a dunƙule. Kafin awa biyu su cika ki zare tsokar daga ƙashi, ki yayyanka, ki rarraba a robobi marasa zurfi don sanyi ya ratsa da wuri, ki zuba ɗan romo a kai. Na kwana biyu ki sa a firij, sauran duka firiza a daren, kowace roba da kwanan wata a rubuce a murfinta.